Zalɓen da Dabo Ya Gani

Dabo ɗan masunta ne. A Gidimuni aka haife shi, gabas da Damagaram, inda tabkuna suke kwance tsakanin dabino da goruba, kuma tun bai isa shiga kwalekwale shi kaɗai ba ya san kukan kowane tsuntsun ruwa. Amma bai gaji sana'ar gidansu ba. Yana saurayi ya bi manyan motocin da ke haye hamada, ya koyi tuƙi a Agadas, daga can abinci ya jawo shi Tamanrasset. A shekarar 1965 ya cika shekara goma sha ɗaya yana jan wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ta wani Balarabe mai suna Si Belkasim. Yakan ɗauki sukari da ganyen shayi da yadi ya hau duwatsun Ahaggar zuwa Hirafok da Mertoutek, ya sauko da alkama da busasshen tumatir da ɓaure.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: in ya ce abu, to haka yake. In Dabo ya ce hanya ta yanke, babu mai sake tambaya. In ya ce zai iso Laraba, mutanen Hirafok tun ranar Talata suke ɗaure buhunansu.

Wata rana cikin watan Oktoba yana dawowa shi kaɗai, sai injin ya yi zafi a kan wani hawa. Ya tsaya ya duba bidon ruwansa, wato jarkarsa, ya tarar ya huje a gindi, ruwan duk ya tsiyaye a hanya. Ya san akwai ruwa a wani kwazazzabo ƙasa da hanyar, irin kududdufin cikin dutse da Buzaye ke kira agalmam, amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa sauka ba, don shi in ya kama hanya ba ya son tsayawa. Ya liƙe hujin da sabulu, ya saɓa bido, ya gangara.

Tafiyar ta kai rabin awa cikin baƙaƙen duwatsu masu santsi. Tun bai ga ruwan ba ya ji warinsa, warin laka da ruɓaɓɓen ganye, wanda rabonsa da shi tun gida. Da ya zagayo wani ƙaton dutse sai ga wurin a gabansa. Kududdufai uku ne a jere, na ƙarshen ya fi faɗi, bakinsa cike da kacala, ciyawar nan ta bakin ruwa, doguwa, kore shar. Kwaɗi na kuka da rana tsaka. Ƙananan kifaye na walƙiya ƙarƙashin ruwa. A can gindin kacalar kuwa, wani dogon tsuntsu ruwan toka yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya lanƙwashe wuya, ya ƙura wa ruwa ido.

Zalɓe ne.

Dabo ya ajiye bidon a hankali ya tsuguna. Bayan zalɓen akwai ƙananan agwagin ruwa guda bakwai suna nutso suna tasowa, da kazar ruwa ɗaya tana leƙe daga cikin kacala. Ya daɗe a tsugune har ƙafarsa ta mutu. Can zalɓen ya caki ruwa, ya fito da kifi a gicciye a bakinsa, ya juya shi, ya haɗiye. Dabo ya bi kifin da kallo yana gangarawa cikin dogon wuyan. Bai san lokacin da ya ce, "Kai ɗan'uwa, me ya kawo ka nan?" ba. Tsuntsun ya ɗaga kai, ya buɗe fukafukai, ya yi kukan nan nasa mai kaushi, ya tashi a natse ya bi kwazazzabon ya yi kudu.

Dabo ya cika bidonsa ya hau. Har ya shigo gari yana murmushi shi kaɗai.

Hausawan Tamanrasset a lokacin ba su da yawa, kuma bayan la'asar a ƙofar kantin Mati ake samun mazansu. Mati mutumin Maradi ne, mai sayar da goro da yaji da turare, mai ƙatuwar murya da son a yi dariya. Limaminsu, Malam Isufu, shi ma nan yake zama a kan buzunsa yana jan carbi. Washegari Dabo ya zo ya zauna, aka miƙa masa shayi, ya kurɓa, sannan ya ce, "Jiya na ga zalɓe."

Mati na cikin ɗaga buta sama yana tsiyaya, ya tsaya. "A mafarki?"

"A hanyar Hirafok. Akwai ruwa ƙasa da hanya. Zalɓe ɗaya, agwagi bakwai, da kazar ruwa."

"Har ka ƙirga su!" Mati ya ajiye butar. "Jama'a, ku ji fa. Shekarata ashirin a garin nan. Ban da hankaka da kurciya da ɗan baƙin nan mai farin kai da suke kira mula-mula, wane tsuntsu kuka taɓa gani? Ƙasar da akuya ke cin kwali, ita ce zalɓe zai zo?"

"Na gan shi, Mati. A gabana ya kama kifi."

"Kifi!"

Nan fa wuri ya kaure da dariya. Wani tela ya ƙware da shayi har sai da aka buga masa baya. Mati ya riƙe ciki yana cewa, "Gobe kuma za mu ji an ga dorina tana wanka a Abalessa!"

Dabo ya juya wurin liman. "Allah gafarta Malam, ka taɓa jin na faɗi abin da ban gani ba?"

Malam Isufu ya ajiye carbinsa. "Ban taɓa ji ba, Dabo. Kuma babu abin da ya gagari Allah. Sai dai ka ce kai kaɗai ne, rana ta take, ga ƙishirwa, ga shi ka daɗe rabonka da gida. Ba ƙarya nake cewa ka yi ba."

Wannan ta fi dariyar Mati yi masa ciwo. Ya ajiye kofin da sauran shayi a ciki ya tashi.

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari. A kasuwa mai nama ya ce masa, "Dabo Zalɓe, yau ba kifi, sai dai raƙumi." Har Larabawan garaji da ba su san ma'anar kalmar ba suka kama. In ya wuce, wani sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya lanƙwashe wuya. Dabo ya ga babu mafita sai ya kai su su gani da idonsu. Ya matsa wa Mati, ya roƙi Malam Isufu, har suka yarda za su bi shi a tafiyarsa ta gaba.

Tafiyar ba ta zo ba sai bayan kwana goma sha biyu, don kayan Si Belkasim sun makara daga arewa. Dabo ya ce a tashi da an sallame asuba. Rana ta fito, ta yi sama, yana zaune cikin mota a ƙofar kantin yana jira, Mati yana ciki yana musu da wata Buzuwa a kan turare. Da ya fito, sai ga shi cikin farar babbar riga tas, ya sha turare, rungume da sabuwar rediyonsa.

"Mati, ina za ka da wannan?"

"Hanya da nisa. Ka san ba na iya zama shiru."

"Tsuntsun ruwa ba ya son motsi, ba ya son farin kaya. Daga nesa zai hango ka."

"In yana nan, ai sai ya gaishe ni."

Sai kusan azahar suka iso. Gangarar da Dabo ya yi cikin rabin awa ta ci su fiye da awa, don gwiwoyin Malam Isufu ba sa son dutse. Dabo ya samu Mati ya kashe rediyo, amma bakinsa bai kasu ba. Yana tafe yana ba da labarin wani ɗan'uwansa da ya taɓa ganin aljana a Tasawa, muryarsa tana bugun duwatsu tana dawowa. Sau uku Dabo yana juyowa yana ɗora yatsa a baki. Da suka kusa ƙaton dutsen ya ce su tsaya, ya leƙa shi kaɗai.

Ruwan yana nan. Kacala tana nan. Wani jaki yana tsaye a inuwa yana kore ƙuda da wutsiya, mula-mula ɗaya a kan dutse. Shi ke nan.

"To?" in ji Mati daga bayansa. "Ko wannan mai dogon kunnen ne zalɓen?"

Dabo ya zagaya bakin ruwa a sunkuye yana neman sawu. Awaki sun tattake lakar ko'ina. Da ƙyar, a gindin kacala, ya sami sawu ɗaya: yatsu uku dogaye a gaba, ɗaya a baya, faɗinsa ya kusa tafin hannu. "Ga shi! Ku zo ku gani!" Mati ya taho da sauri yana tattare riga, santsi ya kwashe shi, ƙafarsa ta dira daidai kan sawun, ya zauna daɓas cikin laka har ƙugu.

Malam Isufu, wanda ba a cika jin dariyarsa ba, sai da ya rufe baki da rawani. Mati ya tashi yana zage-zage, farar riga ta koma baƙa. Dabo kuwa ya tsaya yana kallon ramin da ƙafar Mati ta bari.

"Kifi dai na yarda," in ji Mati yana matse riga. "Ga su nan kamar yatsa. Wannan na ba ka. Amma tsuntsun da ya kai ƙugun mutum, Dabo? Ka ga hankaka ya jiƙe, ka ce zalɓe."

Suka zauna har la'asar saboda nacin Dabo. Babu abin da ya sauka sai kurciyoyi. Daga nan suka wuce Hirafok, aka sauke kaya aka loda wasu, washegari suka juyo. Suna gab da fita daga duwatsu, rana ta yi yamma, sai ji suka yi gam! Motar ta karkata, Malam Isufu ya yi salati. Wani dutse ne mai kaifi a gefen hagu na hanya, ya tsaga tayar gaba, ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da ita. Dutse ne babba, a fili, wanda ko makaho zai ji shi da sanda.

"Ba ka gan shi ba?" in ji Mati, wannan karon ba da wasa ba.

Dabo bai gan shi ba. Ya ce wa kansa fushi ne ya rufe masa ido.

Da aka tambayi Malam Isufu a gari, gaskiya ya faɗa: sun ga ruwa, sun ga kifi, ba su ga zalɓe ba. Mati kuwa ya haɗa da labarin dutsen, ba don mugunta ba, don dai bakinsa ba ya riƙe komai. Labari biyu suka isa kunnen Si Belkasim tare. Ya kira Dabo cikin buro, wato ofishinsa, ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba.

"Ya Dabo," ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwa, "shekara goma sha ɗaya ba ka fasa mini ko fitila ba. Yanzu an ce kana ganin abin da babu, abin da akwai kuma ba ka gani. Ka je lokotoro ya duba idonka. In ya ce lafiya, ga motarka."

Dabo ya tafi gidan likita da ƙarfin gwiwa, don ya tabbata nan ne za a wanke shi. Lokotoron, wani saurayi mai gilashi, ya zaunar da shi, ya rataye allo mai zane-zane a bango, ya rufe masa idon hagu da kwali. Dabo ya faɗi inda kowane zane ya fuskanta har layin ƙarshe. Aka mayar da kwalin kan idon dama. Sai allon ya koma kamar an shafa masa koko. Ya ƙifta, ya murza, ya sake dubawa. Babban zanen sama kaɗai yake iya rarrabewa.

Lokotoron ya haska masa 'yar fitila ya ce yanar ido ce ta fara rufe idon hagun, kuma ba yau ta fara ba. Idon dama ne ya daɗe yana yi wa biyu aiki, shi ya sa bai lura ba. Aikin cire ta sai an je arewa, kuma sai ta nuna.

Si Belkasim bai kore shi ba. Ya sa shi kula da lodi a garaji, ya miƙa motar ga wani shofer, wato direba, Idrisa, mutumin Tanut. Dabo ya tsaya a ƙofar buro ya ce, "Si Belkasim, da idon dama na gan shi. Na dama lafiyarsa ƙalau, lokotoro ya faɗa."

"Wane?"

"Zalɓen."

Balaraben ya dube shi da tausayi, ya dafa masa kafaɗa. "Ka bar maganar tsuntsun nan, ya Dabo. Don Allah."

Ya daina zuwa ƙofar kantin Mati. Daga garaji sai gida. Matarsa Rakiyatu, ita ma 'yar Gidimuni ce, tare suka zo ƙasar nan, 'ya'yansu biyu mata duk sun yi aure a Agadas. Tun ranar farko da ya ba ta labari ta ce, "Na yarda mana, Malam," tana tsintar alkama, ko kai ba ta ɗago ba. Wannan yardar ba ta yi masa komai ba. Gani yake ko raƙumi mai fukafukai ya ce ya gani, haka za ta ce.

Sanyi ya shigo, irin na Tamanrasset mai daskarar da ruwa a randa. Dabo yana ƙirga buhuna yana kallon Idrisa yana fita da motarsa, yana jin yadda yake murƙushe giya a kan kwana. In ya dawo gida ya zauna ya yi tsaki, ya tashi, ya sake zama. Abinci in da gishiri ya ce ya yi yawa, in babu ya ce an raina shi.

Da sanyi ya fara sauka, cikin watan Maris, Rakiyatu ta ajiye masa tuwo ta zauna gabansa.

"Malam, ka ishe ni da huci. Wata biyar ke nan. Ina da tambaya. Ƙananan agwagin nan da ke cika tabkin garinmu da sanyi, in zafi ya kama ina suke zuwa?"

"Wa ya sani? Tafiya suke."

"Ta ina?"

Dabo ya tuna yadda suke tashi garke-garke su yi arewa, yadda mahaifinsa kan ɗaga kai ya ce baƙi sun tafi.

"In ka gan su suna yin kudu da kaka," in ji ta, "ai yanzu ne lokacin komawarsu. Kai ni in gani. Ni ma rabona da jin kukan kwaɗo shekara nawa."

Idrisa ya ɗauke su ba musu. Dabo ya zauna a kujerar fasinja a motar da ya ja shekara goma sha ɗaya, ya cije baki bai gyara wa yaron tuƙi ko sau ɗaya ba, ko da yake ƙafarsa tana ta taka burkin da babu. Idrisa ya sauke su da tabarma da bargo da tukunya da garin gero, a kan zai biyo ta kansu rana ta uku. Tun suna gangara Dabo ya kafa doka: ba magana da ƙarfi, ba farin zane, ko tari kada ta yi in suna bakin ruwa.

A bakin kududdufin farko suka tarar da wata tsohuwar Buzuwa tana shayar da awaki. Sunanta Takna. 'Yar ƙasar Ayar ce, wajen Agadas, aure ya kawo ta nan, tana jin Hausa sarai. Bayan gaisuwa Dabo ya tambaye ta, a ɗarare, ko ta taɓa ganin wani dogon tsuntsu ruwan toka a nan.

"Mai tsayawa da ƙafa ɗaya? Kowace shekara. Sau biyu ma. Suna zuwa su kwana biyu, uku, su wuce. Shekaranjiya akwai wasu manya farare masu jan baki, sun fi goma. Jiya da hantsi suka tashi."

Dabo ya maimaita kalmar a ransa. Jiya. Ya ce, "Inna, don girman Allah, za ki bi mu Tamanrasset ki faɗi wannan maganar gaban mutane?"

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi Rakiyatu, ta kece da dariya har ana ganin dasashinta. "In bar awakina in tafi gari in gaya wa maza akwai tsuntsu? Su ba su da aikin yi ne?" Ta kaɗa awakinta ta hau dutse tana ci gaba da dariya.

Ranar farko ba su ga komai ba. Rana ta biyu da sassafe wani ragon dutse ya sauko shan ruwa, ƙato, mai murɗaɗɗen ƙaho da gemu har ƙirji, matansa biyu a bayansa. Rakiyatu ta damƙe hannun mijinta, idonta ya cika da hawaye don murna. Dabo ya zare hannunsa. Ragon dutse kowa ya san da shi, har namansa ana kawowa kasuwa. Ba shi ya zo nema ba.

Rana ta uku, wadda Idrisa zai biyo, tun da haske ya fara Dabo ya tafi kududdufi na ƙarshe, ya tsuguna a bayan wani dutse, ya kafa idonsa mai kyau a gindin kacala, daidai inda ya ga tsuntsun da fari. Rakiyatu tana can baya, ta hagunsa, tana wanke tukunya a kududdufin tsakiya. Rana ta fito, ta hau duwatsu. Ƙafarsa ta mutu, ya ƙi motsi. Wani ɗan tsakuwa ya faɗo kusa da shi, ya ɗauka daga sama ya gangaro. Wani ya sake faɗowa. Bai juya ba.

Sai ya ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar numfashi: "Malam. Hagunka."

Ya juya da sauri. Motsin ya yi yawa. Abin da ya gani kawai shi ne faffaɗan fiffike ruwan toka yana buɗewa, da dogayen ƙafafu biyu a miƙe a baya, sai kukan nan mai kaushi, tsuntsun ya sha kwanar dutse ya yi arewa. Ko ƙirga uku ba a yi ba.

Rakiyatu ta taho da gudu, hannunta duk toka. "Na gan shi! Wallahi na gan shi! Nan ya sauka, tsakanina da kai, ko taki goma babu. Ya daɗe, Malam! Ya ci kwaɗo, ya gyara gashinsa, har da 'yar tukkun nan baƙa a ƙeya, irin na gida sak!"

"Ya daɗe?"

"Ya kai a dafa shayi a sha."

"Me ya hana ki kira ni?"

"Kai ka ce ko tari kada in yi. Na jefe ka da tsakuwa sau huɗu."

Dabo ya ɗauki wani dutse ya wurga cikin ruwa da iyakar ƙarfinsa, kwaɗi suka yi tsit. Suka naɗe tabarma suka hau hanya jiran Idrisa.

Da suka koma gari bai gaya wa kowa ba. Ya san abin da za a ce: mace ai bayan mijinta za ta bi. Amma Rakiyatu ta ba Luba, matar Mati, labari a wurin suna, da ragon dutsen da tsohuwar da komai. Kwana biyu bayan haka Dabo yana tsaye a garaji ana loda sukari, sai ga Mati ya shigo yana washe baki, hannu a buɗe.

"Dabo! Ashe gaskiya ne! Luba ta ce Rakiyatu ta gani da idonta. Malam Isufu ma ya ce in dai Rakiyatu ce ta faɗa, to an gama magana. Matar nan ba ta ƙarya."

"Ni fa?"

"Kai me?"

"Ni da na faɗa tun watan Oktoba. Ni ina ƙarya ne?"

Mati ya sosa ƙeya. "Haba, wa ya ce kana ƙarya? Kai dai ka san matsalar idon nan. Ka zo yau mu sha shayi, an yi kewarka."

Motar ba ta dawo hannunsa ba, don yanar tana nan inda take. Sunan ma bai fita ba, har takardun garaji wani magatakarda ya rubuta Dabo Zalɓe. Bayan wasu makonni ya koma zama ƙofar kantin, saboda babu wani wurin da zai ji Hausa bayan la'asar. In baƙo ya sauka daga Damagaram ko Maradi yana kukan ƙasar nan ba ta da komai sai dutse, Mati ne kan karɓe zancen. Yakan ce, "Kai, ba ka san Ahaggar ba! Akwai ruwa a duwatsun nan, da kifi, har zalɓe. Ni da ƙafata na je wurin." Baƙo ya riƙe baki, jama'a su gyaɗa kai. Dabo yakan shanye shayinsa, ya kife kofin a kan faranti, ya ce zai je ya duba lodi.